Neman shawara: na sayi firam ɗin keken hawan dutse, da wane kaya zan fara haɗa shi?

Mai tambaya, daga Dundaye:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin harkar keke. Makonni uku da suka wuce na ci karo da firam ɗin keken hawan dutse na alminiyam a wajen masu kayan gwanjo, babu fok (ƙarfen da ke riƙe wilin gaba), babu wili, babu giya, sai gangar jikin kawai da sandar sirdi a maƙale, kuma da na ɗaga shi na ji rashin nauyinsa ban tsaya dogon ciniki ba na biya. Niyyata in haɗa shi da hannuna sannu a hankali, gwargwadon abin da albashi ya bari, in riƙa shiga gari da shi a ranakun aiki, ran Asabar kuma in bi hanyoyin ƙauye ta gefen fadama zuwa Kware, wata rana ma idan Allah ya yarda har Wurno.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk bidiyon da na kalla maganarsu ɗaya ce: wili mai inci 29, giya 12 a baya, fok mai iska, da birki mai aiki da mai. Har na zaɓi fok da wili biyu a wani shagon intanet, saura in biya, sai zuciyata ta ƙi natsuwa. Wane kaya ya kamata in fara saya, wanne ne ya cancanci in zuba masa kuɗi, kuma wanne ne na gwanjo zai wadatar?

Wani dattijo mai gyaran keke a cikin gari:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka gode wa Allah da ba ka biya ba tukuna. Wanda ya riga ya sayi firam ba shi da sauran zaɓi mai yawa, domin firam ɗin ne zai faɗa maka irin kayan da zai karɓa, kuma sau da yawa ana kawo mini kaya masu tsada sababbi a kwali, mai su yana tsaye yana kallo, in gwada su ƙi shiga. Ka ari ma'aunin nan mai baki biyu da masu injin yanka ƙarfe suke aiki da shi, ka auna mini wurare huɗu kafin ka sake buɗe wancan shago.

Ka fara da wuyan firam, inda sandar fok take shiga. Idan faɗin raminsa daga ciki milimita 34 ne sama da ƙasa, to fok mai miƙaƙƙiyar sanda ta inci 1 da 1/8 kaɗai zai ɗauka, alhali yawancin fok masu kyau na yanzu sandarsu tana buɗewa daga ƙasa har inci 1.5. Idan kuwa ramin milimita 44 ne, akwai kofin boris na waje da ake sawa a ƙasa ya karɓi irin wannan. Sai tsakanin ƙafafun baya, inda wili yake zama: tsofaffin firam milimita 135 ne, masu tsaga a ƙasa da ake ɗaurewa da siririn maɗauri mai hannu, na zamani kuma 142 ko 148 ne, masu rami da ake zura ƙaton aksil mai kaurin milimita 12. Firam na ƙarfe ana iya ɗan buɗa shi, amma alminiyam ba ya son a lanƙwasa shi, tsagewa yake yi. Bayan haka ka duba gidan feda, ko mai zare ne, kuma faɗinsa milimita 68 ne ko 73. Na ƙarshe kaurin sandar sirdi, wanda galibi a rubuce yake a jikinta: 27.2, ko 30.9, ko 31.6.

Kafin duk wannan ma, ka wanke firam ɗin da sabulu, ka fito da shi rana, ka bi kowace walda da ido da farce, musamman ƙarƙashin wuya da kewayen gidan feda. Idan ka ga layi siriri kamar gashi, ka dakata da kashe kuɗi. Mai waldar ƙofa da taga ba zai gyara maka alminiyam ba.

Wani matashi mai yawan hawa, daga Arkilla:

Yayana, abin da Baba ya faɗa shi ne tushe, ni kuma zan yi magana a kan hanyar da za ka bi. Masu bidiyon nan suna haɗa keke ne domin gangarowa daga tsaunuka masu duwatsu da saiwoyi, mu kuwa a Sakkwato abin da ke gabanmu rairayi ne, da jar ƙasa mai tsakuwa, da ƙurar hunturu, da ƙaya. Tuddan da za ka tarar wajen Wurno ko Dange ba su kai a kira su tsauni ba. Na taɓa fita bayan kaka ta wata hanyar shanu, ban yi tafiyar awa guda ba taya biyu suka sace, da na tsaya na ƙirga tsidau bakwai a tayar gaba kaɗai, ga ƙayar aduwa guda ta shige har ciki. Da ƙafa na dawo ina tura keken, rana tsaka.

Saboda haka ni a ganina kuɗinka mafi tsoka ya tafi kan wili da taya. Ka nemi rim mai bango biyu, da sifok 32 ko 36, domin idan guda ya karye sauran za su riƙe wilin har ka iso gida. Taya kuma ta kasance mai faɗi, inci 2.2 zuwa 2.4 idan firam ɗin ya ba da fili, domin mai faɗi tana bi ta saman rairayi, siririya kuwa nutsewa take yi. Kada ka bari mai faci ya cika maka ita tam kamar ta keken dako. Geji 30 zuwa 35 a ma'aunin iska na PSI ya ishi yawancin mutane idan da tiyub a ciki. Ka kuma zaɓi rim mai ramin bawul irin na babur da mota, wanda ake kira Schrader, domin kowane mai faci a bakin titi zai iya ba ka iska, saɓanin siririn bawul na Presta wanda sai ka riƙa yawo da ɗan mahaɗinsa a aljihu.

Ni yanzu na cire tiyub gaba ɗaya, ina zuba ruwan nan mai toshe huda a cikin tayar, kuma tun daga lokacin ƙaya ta daina tsayar da ni.

Wani malamin makaranta, daga Mabera:

Ban yarda da shawarar cire tiyub ga wanda yake farawa ba. Ruwan yana aiki, babu musu, amma zafin watan Afrilu da Mayu a garin nan, lokacin da ake haura digiri 40, yana busar da shi cikin 'yan watanni, kuma ba a kowane kanti ake samunsa ba. Sannan sai rim da taya duka sun kasance waɗanda aka ƙera domin haka. Tiyub mai kauri, da ɗamarar kariya da ake shimfiɗawa tsakaninsa da taya, sun fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi.

Batun giya nake so in tsaya a kai. Giya 12 tana da daɗi, amma kacarta siririya ce mai tsada, kuma ta kamfanin Shimano tana bukatar irin nata hob (cibiyar wili) da ake kira Micro Spline, manyan na kamfanin SRAM kuma suna bukatar XD, wato sayen giyar zai ja maka sayen wilin da ya dace da ita. Kacar giya 6 da 7 da 8 kuwa kusan abu guda ce, tana da kauri, kuma idan ta tsinke a Kware ba za ka rasa madadinta ba. Jerin kayan Shimano na irin wannan keke daga ƙasa zuwa sama shi ne Tourney, Altus, Acera, Alivio, Deore, SLX, XT, XTR. Daga Deore zuwa sama yawancin abin da kake biya ragin nauyi ne da laushin sauyawa, ƙura kuwa ba ta san wannan bambanci ba. Acera ko Alivio mai giya 8 ko 9 zai yi maka shekaru. Idan kana son faranti ɗaya a gaba, domin ka huta da masauyin giya na gaba, ka sa mai haƙora 32 irin wanda haƙoransa suke zuwa ɗaya mai kauri ɗaya siriri, shi ne yake hana kaca zamewa, a baya kuma ka sa Deore mai giya 10 da ke kaiwa haƙora 46, wanda yake hawa hob na gargajiya da ake kira HG.

Abu biyu kada ka yi. Kada ka haɗa madannin giya na wani kamfani da masauyin wani, ko na giya 9 da na giya 10, domin tsawon wayar da kowanne yake ja ya bambanta, kuma za ka kwana kana saiti ba ta zauna ba. Kada kuma ka karɓi wilin baya mai firiwil, wato jerin haƙoran giya da ake murɗawa a jikin hob. Ka nemi mai kaset, wanda haƙoransa ake zura su a kan hob, domin boris ɗinsa ya fi matsowa bakin aksil, shi ya sa aksil ɗin ba ya saurin lanƙwashewa. Na taɓa sayen kaca a intanet da rabin kuɗinta, kwalin yana ɗauke da sunan babban kamfani, ba ta yi wata biyu ba ta saki har ta cinye mini haƙoran kaset, ashe jabu ce. Araha ba ta ado.

Birki kuwa ni mai aiki da mai nake so, irin su Shimano MT200, da faifai mai milimita 160. Yatsa ɗaya ya isa ya tsayar da kai, kuma ƙura ba ta shiga cikin bututunsa yadda take shiga rigar waya.

Dattijo mai gyaran keke ya sake cewa:

Malam ya yi gaskiya a kan ƙarfin birkin, sai dai akwai abin da nake gani a rumfata wanda ya kamata yaron nan ya sani. Birkin Shimano man ma'adini yake sha, ba man birkin mota ba. Ranar da ya yi laushi, aka kai shi wurin wanda bai sani ba ya ɗura masa man birkin mota, robobin ciki za su kumbura, birkin ya mutu gaba ɗaya. Birkin faifai mai waya bai kai shi kamu ba, amma ko a ƙauye waya ta tsinke za a sami mai sauya ta. Idan ka san za ka sayi man da ya dace ka ajiye, ka kuma koyi fitar da iska daga bututun, sa na mai. Idan ba haka ba, na waya ya fi maka kwanciyar hankali. Kowanne ka sa, kada mai ko giris ya taɓa faifan.

Game da fok, ba na son mutum ya sayi mai shokozoba mafi araha don kawai a gan shi da ita. Nauyi ne da ita, ƙura tana cinye robobin bakinta, bayan shekara ta sandare ko ta riƙa kaɗawa. Ko dai ka sami mai kyau irin SR Suntour XCR ko RockShox mai motsin milimita 100, ko ka sa sandararren fok na ƙarfe mai tsawon da ya dace, ka bar tayar gaba mai faɗi ta shanye gargadar hanya. Kada ka sa mai motsin 140 ko 150 a firam ɗin da ba a yi shi domin haka ba, gaba zai ɗage, wuya ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa. Idan na gwanjo za ka saya, ka auna sandarsa, domin mai shi na farko ya riga ya yanke ta daidai nasa keken, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa.

Matashin Arkilla ya ƙara da cewa:

Baba, a yi mini afuwa, a kan fok ɗin ina da ja kaɗan. Hanyar jar ƙasa idan motoci suka mayar da ita kunya-kunya, sandararren fok yana gajiyar da wuyan hannu ƙwarai. Amma na yarda a fara da shi, a sauya daga baya idan kuɗi sun samu. Yayana, kada ka zuba wa kaca baƙin mai, yana kama ƙura ya zama kamar garin wasa wuƙa. Ka goge ta da tsumma bayan kowace fita, ka ɗiga mata man kaca marar danƙo kaɗan.

Mai tambaya ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri. Na ari ma'aunin na auna kamar yadda Baba ya ce. Wuya 34 ne sama da ƙasa, baya 135, gidan feda mai zare ne mai faɗin 73, sandar sirdi kuma 27.2. Ban ga tsaga ba. A ƙafar baya ta hagu akwai kunnuwa biyu na ɗaura birkin faifai, a sama kuma akwai wasu 'yan sanduna biyu da nake zaton na birkin roba ne. Ke nan fok ɗin da na kusa biya ba zai shiga ba, wilin ma na 148 ne. Abin da ya rage mini shi ne girman wilin, da kuma wani ɗan ƙarfe a gefen dama na baya da na ga ya ɗan karkace ciki.

Dattijo mai gyaran keke:

Madalla. Yadda ka kwatanta shi, kusan tabbas firam ɗin inci 26 ne, kuma wannan ba abin baƙin ciki ba ne, domin tayarsa da tiyub ɗinsa su ne suka fi sauƙin samu a wajen masu kekunan gwanjo. Sai dai kada ka dogara da inci idan ka je saye, ka duba lambar da ke gefen tayar: taka za ta ƙare da 559, ta 27.5 da 584, ta 29 da 622. Akwai wata tayar da ita ma ake kira 26 amma lambarta 590, ba za ta hau rim ɗinka ba, kamar yadda tayar tsohon baƙin keke mai inci 28 take 635.

Wancan ɗan ƙarfen shi ne maratayin masauyin giya, an yi shi da laushi da gangan domin idan keke ya faɗi shi ya lanƙwashe, firam ya tsira. Kowane firam da irin nasa, don haka ka kwance shi, ka ɗauki hotonsa a kan farar takarda, ka nemi biyu, ɗaya a keke ɗaya a ajiye. Kunnuwan birkin kuma za su bukaci ɗan mahaɗi kafin birkin zamani ya zauna, ka saye shi daidai da faifai 160.

Ka fara da fok da kofunan wuya, sai wili, sai birki, giya ta zo a ƙarshe. Sirdi da kan keke da sandarsa na gwanjo sun isa idan babu tsaga, amma kaca da kaset da wayoyi da takalmin birki ka saye su sababbi. Ranar ɗaura feda ka tuna ta hagu zarenta a juye yake, ka shafa giris, ka fara murɗawa da yatsu kafin ka sa sifana. Idan ka sami fok ɗin, kada ka yanke sandarsa. Ka zo da shi tare da firam ɗin bayan la'asar, mu gwada tsayin kan keken kana zaune a kai, sannan a sa zarto.