Ƙarin garanti a kan talabijin: in biya ko in bari?

Mai gidan kallo, Ringim: Assalamu alaikum. Na yi cinikin talabijin mai inci 55 a wani shago a Sabon Gari, Kano, domin gidan kallon ƙwallo da nake da shi a ƙauyenmu. Kamfani ya ba da garantin shekara ɗaya, mai shagon kuma ya ce idan na ƙara naira 45,000 zai ɗauki nauyin gyara har wasu shekaru biyu. Da janareta muke aiki domin ba a kawo mana wuta ba, kuma talabijin ɗin zai riƙa wuni a kunne ranakun wasa. Waɗanda suka taɓa biya, shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Hajiya, Gumel: Wa'alaikumus salam. Ɗana, ka sayi sitabilaiza mai kyau, domin wutar da ake kawo mana ita ke ƙona kaya.

Malamin firamare, Bichi: Malam, kada ka biya ko sisi. Na ba da naira 30,000 a kan irin wannan alkawari, kuma garantin kamfani na ƙarewa sai wani baƙin layi ya ratsa allon daga sama har ƙasa. Na ɗauki shatar mota zuwa birni, aka karɓa, aka ce in dawo bayan mako biyu. Da na koma sai yaron shagon ya ce wuta ce ta yi ƙarfi, wai takardar ba ta shafi wannan ba, alhali ranar ciniki babu wanda ya karanta mini ƙananan rubutun da ke bayanta. Da na matsa, sai suka ce an taɓa kwance bayan talabijin ɗin, abin da ban taɓa yi ba. Har yau yana jingine a ɗakin uwargida an lulluɓe shi da zane.

Mai gyara, Haɗeja: Allah ya mayar da alheri, Malam. Galibin takardun nan ba sa ɗaukar fashewar allo, tsawa, shigar ruwa ko hauhawar wuta, kuma da yawa sun rubuta cewa na amfanin gida ne kawai, saboda haka mai gidan kallo ya duba wannan sharaɗi kafin komai. Abin da ya fi lalacewa shi ne sashen da ke karɓar wuta da fitilun bayan allo, waɗanda gyaransu ba ya kai kuɗin da aka nema. Allon kansa ne mai tsada, kusan kuɗin sabo.

Ɗan kasuwa, Wudil: Da girmamawa, shawarar mai gyara a nan sai an yi mata tankaɗe, domin duk wanda ya ƙi garanti teburinsa zai zo. Ni naira 15,000 kawai na biya, aka canza mini sashen wuta ba tare da gardama ba.

Mai gyara, Haɗeja: Alhaji, wanda ke buɗe cikin kayan kullum ya fi wanda ya sayi guda ɗaya sanin ciwonsu.

Ɗalibi, Kazaure: Yayana, ka tambaye su ko garantin ya haɗa da takalmin da magoya bayan Arsenal za su jefi allon da shi. Sannan dokar kare masu saye ta 2018, wadda FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi, don haka a adana rasit.

Malamin firamare, Bichi: Rasit ɗina yana nan, amma kuɗin zirga-zirgar kai ƙara zai fi abin da nake bi.

Hajiya, Gumel: Ai ni har yanzu laifin masu wuta nake gani. Bara gida-gida aka bi mu karo-karon gyaran taransifoma, ranar da aka kunna ta firjina da na maƙwabta biyu suka ƙone, kuma ƙarshen wata aka kawo mana takardar kuɗi kamar yadda aka saba.

Ɗan kasuwa, Wudil: Hajiya, nawa aka yanka wa kowane gida a wajenku? Mu naira 5,000 aka karɓa, kuma har yanzu muna cikin duhu.