Ruwan motar kwananmu na warin baragurbi, ina mafita?

Baban Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu irin motar nan mai ɗaki a ciki, wadda ke da kicin da banɗaki da tankin ruwanta, ina neman shawararku. Na sayi tawa ta hannu, kuma ta daɗe a ajiye kafin ta zo hannuna. Inji lafiya, wuta lafiya, sai ruwa. Da an buɗe famfo sai wari ya turnuƙe motar, irin warin baragurbi sak. Na zubar da ruwan tankin, na cika da sabo, warin ya ɗan lafa, bayan 'yan kwanaki ya dawo har ya fi na da. Uwargida ta ce ko wanke-wanke ba za ta yi da shi ba, balle ta yi wa yara wanka. Tankin lita 150 ne, akwai kuma hitar ɗumama ruwa mai aiki da gas da lantarki. Wani ya ce min sai an cire bututun duka an sa sababbi. Haka ne, ko akwai wata hanya?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a je ga ruwa, ka tabbata warin daga ruwan yake. Abu biyu a irin motar nan suna irin wannan wari, kuma duka biyun suna iya kisa. Na farko gas ɗin girki: shi kansa ba ya wari, da gangan ake zuba masa sinadari mai ɗoyi don a ji idan yana yoyo. Na biyu batir: idan caji ya yi masa yawa yakan tafasa, ya yi zafi, ya kumbura, ya riƙa fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ka rufe tukunyar gas, ka buɗe tagogi, ka taɓa jikin batir. Idan warin yana nan ko ba a buɗe famfo ba, to bar maganar ruwa tukuna.

Baban Yara:
Na gode Baba. Na duba yanzu, batir da sanyinsa, gas kuma a rufe yake tun jiya. Sai an buɗe famfo warin ke tashi.

Maman Biyu:
Ka zuba bilic a tankin ka bar shi ya kwana, shi ke nan. Mu haka muke yi.

Mai Gyaran Famfo:
Hajiya ba ki yi kuskure ba, amma kin yi sauri. Bilic yana aiki idan a tanki matsalar take. Idan a wani wuri take, zai sha wahalar ɗauraya a banza, warin kuma ya dawo.

Malam, bar batun sauya bututu, ba a kai nan ba. Ɗauki kofi biyu masu tsabta. Tari ruwan sanyi a ɗaya, ruwan ɓangaren zafi a ɗayan, ka fita da su waje nesa da motar, sannan ka sunsuna. Dalilin fita waje shi ne sau da yawa ruwan ba shi da laifi: yana sauka cikin magudanar sinki sai ya turo iskar tankin ruwan datti sama, mutum ya ɗauka daga famfo take. Idan duka kofunan ba sa wari a waje, magudana ce. Idan duka suna wari, tanki ne ko tiyon da kake cika shi da shi, ko kuma inda ka ɗebo ruwan. Idan na zafi kaɗai ne, hita ce. Gwada ka gaya mana, kuma ka duba sunan kamfanin da ke jikin hitar.

Baban Yara:
Ikon Allah! Na sanyi yana ɗan bashi kaɗan, irin na ruwan da ya daɗe a rufe. Na zafi kuwa ko kusa da hanci ba ya kaiwa. Hitar an rubuta Suburban a jikinta.

Mai Gyaran Famfo:
To an kama ɓarawon. Shi ya sa ka sauya ruwan tanki warin bai tafi ba: hita tana da nata ƙaramin tankin, yawanci galan 6, wato kusan lita 23, kuma zubar da babban tanki ba ya taɓa shi. Tsohon ruwan da aka ajiye motar da shi yana nan a ciki.

Tankin hitar Suburban na ƙarfe ne, don haka ana ɗaura masa wata sanda a ciki, sandar anod, galibi ta magnesiyam. Aikinta ta riƙa cinyewa a madadin tankin, don kada tsatsa ta huda shi. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke son wurin da ba iska, ga ɗumi, ga ruwa a tsaye. Suna cin sinadarin salfet da ke cikin ruwa, sandar magnesiyam kuma tana ƙara musu ƙarfi, sai su fitar da iskar haidirojin salfaid. Ita ce warin da kake ji. Ruwan rijiya da na burtsatse sun fi kawo wannan, don ba kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, a cikinsu. Ko na famfon gari ma, kulorin ɗinsa yakan gudu idan ya daɗe a tanki.

Ga yadda za ka yi. Kashe hitar ta ɓangaren gas da ta lantarki, ka bar ruwan ya huce sarai, ka kashe injin da ke tura ruwa. Buɗe famfon zafi, sannan ka ɗaga hannun bawul ɗin sakin matsi da ke sama a jikin hitar, ta waje. Kada ka tsallake wannan. Wanda ya kwance sandar da matsi a ciki, za ta iya harbo masa a ƙirji da ruwa a bayanta. Sandar tana ƙasa, ita ce kuma marfin magudanar tankin, sifanar soket mai inci 1 da 1/16 ke kama kanta. Tana fita ka tsaya gefe. Za ka ga farin gari kamar tsakuwa yana biyo ruwan, wani lokaci da baƙin dagwalo. Sa siririn tiyo ta ramin ka yi ta fesa ruwa a ciki har abin da ke fitowa ya yi garau.

Sai ka kalli sandar. Idan ta cinye har kashi uku cikin huɗu, ko siririyar wayar tsakiyarta ta fito fili, ta gama aiki. A madadinta nemi ta alminiyam mai haɗin zink, ba ta haddasa warin kamar ta magnesiyam. Naɗa farin tef ɗin famfo a zarenta, amma kada ya yi kauri.

Ɗan Zango:
Ni cire tawa na yi gaba ɗaya na toshe ramin, tun daga nan ban ƙara jin wari ba.

Mai Gyaran Famfo:
Ɗan uwa, warin ya tafi, amma yanzu tankin ne ke cinyewa, kuma ba za ka gani ba sai ranar da ruwa ya fara ɗiga ƙarƙashin gado. Sai dai idan taka Atwood ce, wadda yanzu take ƙarƙashin Dometic. Tankinta na alminiyam ne, dama ba ta da sanda, marfin roba kawai ne a magudanarta. Amma mai Suburban kada ya kwaikwaye ka.

Ɗan Zango:
Zan duba sunan da ke jikinta, ka sa gabana ya faɗi.

Maman Biyu:
To yanzu dai an zo wurina, tunda ya ce na sanyin ma yana bashi. Malam mai famfo ya yi min izini? Ma'aunin da ake bi shi ne rubu'in kofi na bilic ga kowane galan 15, a lissafin lita kusan mililita 1 ga kowace lita. Tankinka na lita 150 zai ci mililita 150, ba fiye ba. Bilic ɗin ya zama zalla, mara turare, mara haɗin sabulu. Kada ka tuttula shi kai tsaye, fara dama shi a bokitin ruwa, ka zuba, sannan ka cika tankin taf. Idan akwai matacin ruwa mai gawayi a layin, cire shi tukuna, don yana tsotse kulorin ɗin da ke cikin bilic, kuma sau da yawa shi kansa ya ruɓe a ciki, sabo za ka sa daga baya.

Kunna injin ruwa, ka bi famfo ɗaya bayan ɗaya, sanyi da zafi, kana bari ya zuba har hancinka ya ji bilic, sannan ka rufe. Kada ka manta da shawa, da ta waje idan akwai, da ruwan masai. Duk reshen da ka bari, nan ƙwayoyin za su laɓe su sake yaɗuwa. Ka ɗan zaga da motar don ruwan ya wanke saman tankin. Bar shi aƙalla awa 4. Daga nan ka zubar, ka cika, ka zubar, har ƙamshin bilic ya ɓace. Ni nan ne haƙurina ke ƙarewa, ɗaurayar ta fi wankin cin lokaci.

Malama Mai Sinadari:
Bari in ƙara abu ɗaya don na ga ana yawan yin sa. Wasu suna wanke hita da ruwan khal don narkar da farin garin nan, kuma yana yi. Amma kada khal ya haɗu da bilic, ko a bokiti, ko a tanki, ko a magudana. Haɗuwarsu na fitar da iskar kulorin, a ƙunci irin na mota kuwa tana iya shaƙe mutum. Haka bilic da duk abin wanki mai amoniya. A gama da ɗaya, a ɗauraye sosai, sannan a shiga ɗayan. Masu hita ta ƙarfe mara tsatsa kuma su karanta littafinta kafin su sa bilic, kulorin yana cin irin wannan ƙarfen.

Sannan ba wari kaɗai ne abin tsoro a ruwan da ya daɗe a tsaye ba. Ƙwayar Legionella, mai kawo ciwon huhu, tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 zuwa 45, ana shaƙarta a feshin ruwan shawa, kuma ba ta da wari ko kaɗan. Zafin digiri 60 yana kashe ta. Uwargida ta yi daidai da ta hana yi wa yara wanka.

Tsohon Direba:
Da wane tiyo kake cika tankin? Idan irin na ban ruwan fulawa ne, sauya shi da wanda aka yi don ruwan sha. Bayan amfani a tsiyaye shi, a haɗa bakinsa biyu don kada ƙwari su shiga.

Baban Yara:
'Yan uwa, Allah ya saka da alheri. Na kwance sandar, abin da ya rage sai waya da wani ɗan dunƙule a bakin zare. Ruwan da ya fito toka-toka ne, sai da na toshe hanci. Na wanke, na sa ta alminiyam, na yi wankin bilic yadda Hajiya ta ce, na sauya tiyo. Yanzu ruwan zafi ba wari. Saura abu ɗaya: bayan mun yi tafiya, kicin yakan yi wani ɗoyi daban, kamar na kwata, ko ba a buɗe famfo ba.

Mai Gyaran Famfo:
Madalla. Ina fatan ka cika hitar kafin ka kunna lantarkinta, don ƙarfen ɗumama ruwan yana ƙonewa nan take idan tankin wayam yake.

Wannan sabon kuma tankin ruwan datti ne. Leƙa ƙarƙashin sinki, za ka ga bututu mai lanƙwasa. Ruwan da ke kwanciya a lanƙwasar shi ke tare iska, girgizar hanya kuwa takan fantsalar da shi. Idan kun tsaya, zuba kofi guda na ruwa a sinki da magudanar shawa, a hanya kuma ka riƙa toshe su. Idan bai daina ba, nemi wani ɗan bawul mai hula a saman wani gajeren bututu, nan cikin kabad ɗin. Iska yake bari ta shiga ba ta fita, amma robarsa takan bushe. Da hannu ake murɗe shi a sa sabo. In ka rufe shi da leda ka ɗaure na ɗan lokaci warin ya tsaya, to shi ne. Ka hau rufin motar ma ka duba bututun shan iskar tankin, zanzaro na son yin gida a ciki.

Baban Yara:
Na ga bawul ɗin, robarsa ta tsage. Gobe in sha Allah zan sauya shi, sannan in nemi tsani in duba rufin.