Neman kalma: me Bahaushe zai kira "living history museum"? Gobe zan naɗi shiri

'Yar Rediyo:
Assalamu alaikum. Jama'a a agaza min, gobe ƙarfe biyu na rana zan shiga naɗar shiri, kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Shirin a kan ziyarar da na kai gundumar Lancaster ne ta jihar Pennsylvania a Amurka, yankin wasu ɗariƙun Kirista biyu, 'yan Amish da Menonawa. Gidan Hans Herr bai ba ni wahala ba: ginin dutse ne na 1719, shi ne gida mafi tsufa da ya rage a gundumar, a cikinsa Menonawan farko suke taruwa ibada. Wannan gidan tarihi ne kai tsaye. Landis Valley ce matsalar. Wa da ƙani ne, Henry da George Landis, suka yi ta tara tsofaffin kayan noma da na sana'ar Jamusawan yankin har suka buɗe wa jama'a a 1925. Yau wurin ya zama ƙauye guda, ga maƙera, ga masaƙa, ga kanti, ga makaranta mai ɗaki ɗaya, kuma da mutane a ciki sanye da tufafin zamanin da, suna aikin a gabanka. Na tsaya a kan maƙerin, ya zaro ƙarfe ja wur daga wuta ya lanƙwasa shi ya zama ƙugiya, ya tsoma a ruwa ya ce cuu, ya miƙo min da sauran ɗuminsa. In na ce gidan tarihi, mai sauraro takubba da tukwane a cikin gilashi zai hango. Me zan ce?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Rayayyen gidan tarihi. Shi ke nan.

Malamin Aji Shida:
A'a Baban Ummi, ka raya gidan ka bar tarihin a mace. Sai dai gidan rayayyen tarihi. Ko shi ɗin ma Turanci ne aka sa wa babbar riga, ba wanda zai faɗe shi a bakin kasuwa. Ni da ƙauyen tarihi zan ce, tunda da bakinki kin ce ƙauye ne.

Uwar Biyu:
Ƙauyen gado fa? Ai abin da aka gada ake nunawa.

Baban Ummi:
Hajiya, a rubuce masu sayen katifa za su yi ta zuwa.

Uwar Biyu:
Rediyo ta ce, ba jarida ba. A baki ai gādo daban gado daban.

Dattijon Zaure:
Kullum abin da nake faɗa ke nan. Da an kawo kalmar waje sai ku ɗauko kalmomi uku huɗu ku jera kamar buhunan gero, ku ce kun fassara. Hausa tana da injinta na ƙera sunan wuri. Inda ake rini marina, inda ake jima majema, inda ake ƙira maƙera, inda ake karatu makaranta. To inda ake tunawa da rayuwar kakanni fa? MATUNA. Gaɓa uku, ba aro, ba bashi. "Na ziyarci matunar Landis." Shekara da shekaru ina ba da shawarar nan. Tarihin da kuke ta riƙewa ma ai Larabci ne, mu koma ga asalinmu.

Malamin Aji Shida:
Allah ya gafarta Malam, asalin ma Larabci ne.

Baban Ummi:
Kuma ranka ya daɗe, in rediyo tana shuu, "na je matuna" da "na je wa matana" ɗan bambancin kaɗan ne.

Dattijon Zaure:
Raha ba hujja ba ce, yaro. Jirgin sama ma ranar da aka fara faɗinsa wani ya yi dariya.

Baƙon Ohayo:
Salamu alaikum. Ni a Columbus nake, kuma na sha kai baƙi garin Berlin na gundumar Holmes a nan jihar Ohayo, inda 'yan Amish suke da yawa. Baba Dattijo, zan ba ka abin da za ka ji daɗi. A cibiyar tarihin Amish da Menonawa ta can akwai wani zane da ya zagaye ɗaki guda, tsawonsa ƙafa 265, wani mai zane Heinz Gaugel ya yi shi. Sunan zanen Behalt, wato riƙewa ko tunawa. Ka ga su ma ta hanyarka suka bi.

Amma Yaya, abin da ya sa na shigo daban ne. Kowace kalma kika ɗauka, ki kula kada mai sauraro ya ɗauka 'yan Amish ɗin ne a cikin ƙauyen suna wasa. Maƙerin da kika gani ma'aikaci ne ko ɗan sa-kai, in an tashi ya cire tufafin ya hau motarsa ya tafi gida. Manomin da ke bayan dawaki a gonar da ke gefen titi kuwa ba kowa yake nuna wa ba, abincin gidansa yake nema. Shi ya sa nake tsoron duk wata kalma mai "rai" a ciki. Kina cewa rayayyen tarihi, hankalin mutum zai tafi kan su, alhali su mutanen yau ne kamar ni da ke, kawai sun zaɓi abin da za su bari ya shigo gidajensu. Ba sa jawo wutar gwamnati, ba sa mallakar mota amma suna shiga ta haya, yaransu suna tsayawa a aji takwas, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar musu da 'yancin tsayar da karatun a nan a 1972.

'Yar Rediyo:
Wallahi ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Muna fitowa wani keken doki ruwan toka ya wuce, da alamar nan mai kusurwa uku ruwan lemo a bayansa, wata yarinya da farar hula tana leƙowa ta baya. Na ɗaga waya, wadda ta raka ni ta dafa hannuna a hankali ta sauke shi. Ba sa son a ɗauki fuskarsu. Kunya ta kama ni, don na manta na riga na fito daga ƙauyen nunin.

Malamin Aji Shida:
Kamar baƙon da ya je marinar Ƙofar Mata ya ɗauka don shi aka zuba baba a rijiyoyin.

Dattijon Zaure:
To kun ji. Ɗan Amurka ma ya shaida. Matuna ba rai a cikinta ba mutuwa, tunawa ce zalla.

Ɗan Damagaram:
Ku 'yan Najeriya kuna wahalar da kanku. Mu nan mize muke cewa, kowa ya gane. Mizen Bubu Hama na Yamai tun 1959 yake, a cikinsa akwai bukkoki da gidajen gargajiya, akwai maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa suna aiki suna sayarwa, ba mu taɓa neman wani suna na dabam ba.

Dattijon Zaure:
Mun gudu daga Turancin Ingila sai mu faɗa na Faransa? An gudu ba a tsira ba.

Ɗan Damagaram:
Baba, da girmanka, mu da muke cewa likita da lakwal ba mu fi ku aro ba. Ku je ku ƙirga Turancin da ke bakin ɗan Kano kafin ya gama cinikin waya ɗaya. Kuma duk ranar da aka zo daidaita Hausa sai a yi kamar iyakarta Jibiya.

Uwar Biyu:
An fara.

Baban Ummi:
Gaskiya dai ba 'yan jami'a ke raya kalma ba, 'yan rediyo ne. Kalma nawa aka ƙirƙira a taron bita, tana nan kwance a cikin kundi ko mai gadin wurin bai san ta ba?

Malamin Aji Shida:
Su kuma 'yan rediyon in an bar su, rabin labarai da Turanci za su karanta. Kowa da ranarsa.

Dattijon Zaure:
Ni ban ga digirin kowa a nan ba, kuma ban nuna nawa ba. Harshen uwata ne.

'Yar Rediyo:
Don girman Allah jama'a, sha ɗaya ta wuce. Tunda kuna nan, ga ƙananan biyu: keken doki ko karusa? Sannan 'yan Amish ko Amishawa?

Malamin Aji Shida:
Keken doki. Karusa sai a hango Fir'auna yana bin Annabi Musa, amalanke kuma ta ɗaukar kaya ce. Na biyun, dukansu sunan mutum ne aka jingina wa mabiya, kamar yadda muke cewa Ƙadirawa. Menonawa daga Menno Simons, limamin Katolika ɗan Holan da ya bar cocinsa a 1536. Amish daga Jakob Ammann, wanda ya raba gari da sauran a 1693. In ƙa'ida za a bi Ammanawa ne, amma ba wanda zai gane. Ki bar 'yan Amish.

Baƙon Ohayo:
Na yarda. In da sauran daƙiƙa talatin ki sa dalilin zuwansu Amurka. Tushensu Zurich ne a Suwizalan, 1525, sun ce babba ne za a yi wa baftisma da yardarsa, ba jariri ba. A kan haka aka nutsar da Felix Manz a kogin Limmat a 1527. Tsanantawa ce ta kore su zuwa Pennsylvania, inda William Penn ya yi alkawarin 'yancin addini. Wanda bai ji wannan ba zai ɗauka ƙin boko ne kawai.

'Yar Rediyo:
Na gode ƙwarai. Ga yadda na rubuta: "Landis Valley ƙauyen tarihi ne, inda ma'aikata ke sa tufafin dā, suna gwada wa baƙi sana'o'in kakanni." Daga nan sai in ci gaba da ƙauyen tarihi kawai. Na ƙara jimla guda cewa 'yan Amish na wajen shingen ba gwaji suke ba. Baba Dattijo, a yi min afuwa, minti goma sha biyar ba zai ishe ni in koya wa mutane sabuwar kalma in kuma ba su labari ba.

Ɗan Damagaram:
Ƙauyen tarihi ba laifi. Amma a Zinder sai an ce da ni wani tsohon gari ne kamar Agadas.

Malamin Aji Shida:
Shi ya sa ta bi shi da bayani.

Dattijon Zaure:
Kalma sha bakwai don a guje wa ɗaya. To, Allah ya ba da sa'a, 'yata. Amma ko sau ɗaya ki jefa matuna a ƙarshen shirin, ki ce wasu na kiransa haka.

Baban Ummi:
Wasu su wa, ranka ya daɗe?

Dattijon Zaure:
Ni da ɗan Ohayo.

Baƙon Ohayo:
Baba ni zane kawai na ambata.