A ina kuka zauna a aji?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare a wata makarantar gwamnati a nan cikin Kano. A firamare bai taɓa wuce na biyar ba, amma da na ga sakamakonsa na zangon da ya wuce sai da gabana ya faɗi. Na yi faɗa, na hana shi ƙwallo, uwarsa har ta fara zargin ko abokan banza ya samu. Ranar Talata na ce bari in je in gani da idona.

Yara sun haura ɗari a aji guda, benci bai kai goma ba. Na gaba suna zaune a ƙasa har gindin allo, na tsakiya sun cunkushe a kan bencinan, shi kuma nawa yana can ƙurya a kan taga, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, littafi a cinya. Na je na tsaya inda yake na dubi allo. Wallahi ni da idona lafiya lau ban iya karanta komai ba, allon ya koɗe, alli da bango duk launi ɗaya. Na ce masa me ya hana ka gaya min? Ya ce, "Baba, ai kowa haka yake."

Benci na wanda ya riga zuwa ne, ko wanda ya fi ƙarfi, shi kuwa sai ya hau adaidaita biyu kafin ya isa. Makarantar kuɗi ta fi ƙarfina, ta kwana kuma uwarsa ta ce sam. Don Allah wanda ya taɓa zama a irin wannan aji, ko ɗansa, ya ba ni labarin yadda ta kaya.

Malamin Lissafi: Wa'alaikumus salam Baban Khalifa. Shekarata 19 da alli a hannu, bari in faɗa maka abin da ba ma faɗa a taron iyaye. A takarda, tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya yara 35 a firamare, 40 a sakandare. Ni aji uku nake shiga, kowanne ya ninka haka sau biyu da ɗoriya. Yaran layi uku na gaba na san sunayensu, na san wanda ya gane daga kallon fuskarsa. Daga nan zuwa baya sai dai in ce "kai mai hula". Ba ƙiyayya ba ce, babu ma hanyar da zan bi in isa wurinsu sai na tsallake ƙafafun mutane. In na ba da aikin gida sau ɗaya, littafi kusan ɗari uku ke jirana, to sau nawa kake jin zan bayar a zango?

Ga kuma rufin. Kwano ne tsirara babu silin. A watan Afrilu daga ƙarfe goma sha ɗaya an gama karatu, sai gumi da gyangyaɗi da fifita da bangon littafi. Da damina kuwa ruwa na sauka zan ajiye alli, don ko ihu na yi ba mai ji na. Gwamnan Kano da bakinsa ya ambaci zaman yara a ƙasa lokacin da ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024, an kuma ga gyare-gyare a wasu wuraren, mu dai muna nan muna jiran layi ya zo kanmu. Ka je ka sami malamin ajinsu kai tsaye, ka faɗa masa sunan yaron har sau biyu. Yaron da malami ya san ubansa ba ya ɓacewa a aji.

Dattijon Gumel: Ku yaran yanzu akwai son jiki. Mu 'yan UPE ne, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976 aka kwashe mu aka zuba a makaranta, aji bai ishe mu ba. A gindin tsamiya na yi aji ɗaya da aji biyu, an jingina allo da kututture, da yatsa muke rubuta baƙi a ƙasa. In inuwa ta matsa mu matsa. Ga shi har na yi ritaya a aikin gwamnati. Karatu a zuci yake, ba a benci ba.

Maman Ilham: Baba, Allah ya ƙara girma, ina da tambaya. Ku nawa ne a gindin tsamiyar, kuma ku nawa kuka kai sakandare?

Dattijon Gumel: 'Yata, kin kama ni. Mun kai sittin, waɗanda suka wuce ba mu fi bakwai ba. Kuma tunda gaskiya ake so, mahaifina ɗinki yake yi a bakin makarantar, kullum ni ne a gaban malam.

Ɗan Maraɗi: Mu a nan Nijar ajin zana muka sani. Na yi shekara uku a cikinsa tun daga CI, wato aji ɗaya na firamare. Ana komawa lakwal, wato makaranta, a watan Oktoba, amma mu sai an gama girbi an samu kara, iyaye su haɗu su kafa rumfa, sannan mushe, wato malami, ya fara karatu. Wani lokaci sai Nuwamba ta raba. Hadarin farko na ƙarshen Mayu kuwa in ya taso da iska, ya kwashe ajin, shekara ta ƙare ke nan. 'Yan ajin siminti na yin wata tara, mu da ƙyar mu yi shida, kuma jarrabawa ɗaya ake yi mana.

Da hunturu ƙura ke shigowa ta kowace kafa, ka share allonka da hannun riga ka rubuta, kafin ka ɗaga ya sake yin fari. Awaki kuma na cin bangon ajin daga waje muna ciki, wannan kam dariya muke yi.

Dariyar ta ƙare a 2021. A watan Afrilu gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka rasu. A watan Nuwamba ta sake faruwa a nan Maraɗi, yara 'yan shekara biyar da shida fiye da 20. Bayan nan gwamnati ta hana sa 'yan rainon yara a ajin zana. Ɗiyata tana CP, wato aji biyu, a lokacin, a wata makarantar daban, amma ita ma zana ce. Sati biyu ba ta yarda ta shiga ba, in na kai ta sai ta riƙe ƙafar wandona. Da ta koma, wurin zamanta ɗaya ne, bakin ƙofa. Mushe ya yi ya yi ta dawo gaba ta ƙi, daga baya ya ƙyale ta. Har yau da take ajin siminti a bakin ƙofa take zama.

Maman Ilham: Allah ya jiƙan yaran nan. Ni tawa matsalar ba wurin zama ba ce, don muna da benci. Ban-ɗaki ne babu. Akwai wani guda ɗaya a bayan makaranta, ba ƙofa ba ruwa, samari na zama a kan katangar kusa da shi. Sai muka koyi ƙin shan ruwa tun safe, har koko ba na sha, don kada fitsari ya kama ni. Kafin a fita tara kaina ya fara sarawa. Da muka girma kuma kowane wata sai na yi kwana huɗu ko biyar a gida, in ce wa Inna cikina ke ciwo. A lissafi aka fara barina a baya, don shi in ka rasa darasi ɗaya na gaba ba ya shiga. Malaminmu ya rubuta a katina wai ba na mai da hankali. Da zan sa Ilham a makaranta, hedimasta yana nuna min ɗakin kwamfuta, na ce Malam, fara nuna min ban-ɗakin 'yan mata tukuna.

Injiniya Ba Digiri: Kada a kushe makarantar kwana gaba ɗaya. Ni a kwalejin kimiyya ta Dawakin Tofa na yi, wadda aka buɗe tare da ta Dawakin Kudu a 1977. Daga ajin cunkoso na ci jarrabawar shiga, ranar farko aka nuna min kujera da loka aka ce nawa ne. Abin da ya fi canza ni shi ne firef na dare: awa biyu kowa shiru, kowa da littafi. A gidanmu mu goma sha ɗaya ne, ban taɓa sanin akwai shiru irin wannan ba. Ranar da na fara leƙa madubin ƙara girma a ɗakin gwaji na ga ƙwayoyin fatar albasa jere kamar bulo, a ranar na yarda abin da ke cikin littafi gaskiya ne. Gabza dai gabza ce, ba zan yabe ta ba.

Uwar Biyu: Injiniya, zamaninku daban. Tun da aka kwashe yara sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, aka biyo da 'yan matan Jangebe bayan wata biyu, na ɗauko nawa daga makarantar kwana. Ba abin da ya same su, amma babban ya ce min da takalmi a ƙafa suke kwana, ko babur ya wuce sai ɗaki ya watse. Yaron da bai yi barci ba me zai karanta? Ina bayan Maman Khalifa.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na bi shawarar Malam, na sami malamin ajinsu jiya. Mutumin kirki ne, ya ce in ya dawo da Khalifa gaba dole ya tura ɗan wani baya. Sai muka yi magana da iyaye huɗu da ke layinmu, muka haɗa kuɗi, kafinta zai yi mana benci biyu, wani kuma ya ɗauki nauyin fentin allo. Malamin ya ce a rubuta sunan ajin a ƙarƙashin bencin da fenti, in ba haka ba kafin sati 'yan aji uku sun ɗauke. Na kuma fara tashinsa da wuri, daga masallacin asuba sai shiri. Yau ya samu wuri a ƙasa, layi na biyu, ya dawo wando duk ƙura yana ba ni labarin abin da aka rubuta a allo. Maman Ilham, na tambayi ƙanwarsa zancen ban-ɗakin makarantarsu, ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba. Ranar Litinin uwarta za ta je.