Numairi: shi ya hau ko ɗora shi aka yi?

Kawu (Mai Wurno): Jama'a, jiya a zaman makoki wani dattijo ya ce Jaafar Numairi, tsohon shugaban Sudan, bai kai kansa mulki ba, 'yan kwaminis ne suka ɗora shi, su kuma suka tura shi kan Ansar, mabiya Mahadi. Ni na yarda da shi. Yaron da aka haifa a Wad Nubawi a 1930, tsakiyar unguwar Ansar a Omdurman, ɗan talaka, ta ina zai ɗaga wa Imam al-Hadi, shugaban Ansar, hannu in ba a zuga shi ba?

Malam (Gadarif): Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, amma a nan ban bi ka ba. Mutumin da ya yi sakandare a Hantub, ya fito kwalejin soja a 1952, aka yi ta zarginsa da shirya juyin mulki tun kafin ya yi, har ya je kwas Amurka ya dawo a 1966, ba ɗan rakiya ba ne. Ya daɗe yana zagaya kujerar.

Hajiya (Wad Madani): Hantub ga ta nan ƙetaren kogi, daga bakin ruwa muna hango ta. Ranar 25 ga Mayu 1969, ranar da ya yi juyin mulkin, ina yarinya. Na tuna babanmu tsugune gaban rediyo, shayinsa ya huce a hannu, kiɗan soja kawai ake yi, innarmu na ta tambaya ko shugaban ƙasa Azhari ne ya rasu. Shiru ya yi mata. Abin da na gani ke nan, siyasar ku maza ku ƙarasa.

Kawu: To Malam, wa ya cika gwamnatinsa ta farko? Babikir Awadallah ne firayim minista, ministocin kwaminis a ciki, hafsan soja ɗan kwaminis Hashim al-Atta a majalisar juyin. Ko shekara ba a cika ba, Maris 1970, aka yi wa tsibirin Aba, cibiyar Ansar, luguden wuta, aka yi ɓarin jini a Wad Nubawi kanta. Kuma kun san yawan mutanenmu da ke Aba tun zamanin Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi. Wannan ba aikin ɗan unguwa ba ne.

Malam: Nan ne nake so mu tsaya, Kawu. Da su suka riƙe masa linzami, me ya faru a Yuli 1971? Hashim al-Atta ya kama shi, bayan kwana uku Numairi ya dawo mulki. Bai yi jinkiri ba: aka harbe Hashim, aka rataye manyan 'yan kwaminis Abdulhalik Mahjub da Shafi'u Ahmad al-Shaikh da Joseph Garang. Wanda aka ɗora ba ya kashe mai ɗora shi cikin mako ɗaya. Ya yi amfani da su ya karya Ansar, sannan ya juyo kansu. In muka ce tura shi aka yi, mun sauke masa nauyin Aba, kuma ni ba zan sauke masa ba.

Ɗan autan zaure (Kasala): Baba Malam, to sulhun Addis Ababa na 1972 fa? Shi ma nasa ne?

Malam: Nasa ne, ɗana. Shi ya sa hannu yaƙin Kudancin Sudan ya tsaya, shi kuma ya warware sulhun a 1983.

Kawu: Maganar 1971 ta shige ni, ban musa ba. Amma ta Aba ina nan kan bakana. Bari in je wurin dattijon nan bayan la'asar, ya ce ya zauna a tsibirin, in ji daga bakinsa.