Musayar Waƙa: Gwanin Birij da Mai Biyansa

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Makon jiya na raka maigidana wani kulob a Ikoyi, inda na ga ana kartar da ake kira birij: mutum huɗu, biyu-biyu, kowa da kati 13. Wani attajiri ya ɗauko hayar gwani domin ya zama abokin wasansa. A dokar wasan, idan an gama ciniki, wato takarar alkawarin yawan zagayen da kowane ɓangare zai ci, ɗaya daga cikin abokan da suka ci cinikin yakan baje katinsa a tebur ya yi shiru, kuma gwanin ya san yadda zai juya ciniki har shirun ya faɗa kan Alhajin da ya biya shi.

Alhaji ya biya kuɗin haya,
Gwani ya zauna yana dariya,
Ya karɓe wasan da dabara ɗaya,
Ya mai da mai kuɗi ɗan rakiya.

Hajiyar Idi-Araba:
Ɗan Agege, bakinka da ɗaci,
Kofin gasa ba ya zama abinci,
In babu Alhaji sai talauci,
Ka bar wa mai bayarwa mutunci.

Harold Vanderbilt, wanda ya tsara lissafin wasan a 1925, attajiri ne. Nick Nickell na Amurka kuwa, wanda ke biyan 'yan ƙungiyarsa, ya ɗauki kofin Bermuda, wato kofin duniya na birij, a 1995 da 2000 da 2003 da 2009, kuma da hannunsa ya riƙe kati, domin ba a kiran mutum zakara sai ya buga kasonsa.

Malam na Obalende:
Hajiya, hujjarki ta zauna, amma ɗangonki na biyu yana ɗingishi, domin gaɓa 11 ce da shi alhali 'yan uwansa goma-goma ne.

Ɗiyar Mile 12:
Allah ya ƙara basira, Hajiya, kin gama magana. Malam, me ya hana ka ƙirga ɗango na uku na Ɗan Agege, wanda shi ma 11 ne? Ko ma'auninka mata kaɗai yake aunawa?

Malam na Obalende:
Na ƙirga, kuma kin yi gaskiya, sai dai nasa yana shigewa idan an rera, nata kuwa sai an ja numfashi.

Ɗiyar Mile 12:
Ashe yanzu da numfashi ake awo.

Ɗan Agege:
Ku bar awo, mu koma tebur.

Hajiya, gwani ai shi ne doki,
Alhaji na bisa yana ɗoki,
In an yi nasara shi ke biki,
In an faɗi a kori ɗan aiki.

Ko sunan ƙungiyar ma na mai biya ake sa mata.

Hajiyar Idi-Araba:
Ku gafarce ni, cunkoson gadar Third Mainland ne ya riƙe ni tun la'asar.

Wane doki ke karɓar albashi?
Alhaji ya ɓata, ya yabe shi.
Kai ma naka ka je ka raka shi,
Wa ya biya shayin da ka sha shi?

Malam na Obalende:
Wannan karon goma-goma ne cif. Ɗan Agege, muna jiran amsar shayin.