Me za mu kira "meter collar" da Hausa?

Salamu alaikum, 'yan uwa masu aikin fassara. Wata kalma ce ta tsaya mini a wuya tun jiya, kuma abin dariya, ita kanta maganar wuya take yi. Ina fassara labari kan dokokin wutar lantarki a Amurka, sai na ci karo da abin da suke kira "meter collar", wasu kuma su ce "meter socket adapter".

Bari in kwatanta muku shi tukuna. Mitar gida a Amurka zagayayya ce, a bayanta akwai ƙarafa masu faɗi da ake cusawa cikin gurbi a akwatin da ke jikin bango, kamar yadda ake cusa fulogi a soket. To wannan abin, sai a zare mitar, a cusa shi a gurbinta, a mayar da mitar a kansa. Ya zauna tsakani ke nan. Daga gefensa ake jona sola, batirin gida, janareta ko cajar mota mai lantarki, ba sai an sauya babban akwatin rarraba wuta ba, wanda a tsofaffin gidaje da yawa amp 100 kaɗai yake ɗauka (amp shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya). Kamfanin ConnectDER na ƙera shi, Tesla na da nata mai suna Backup Switch, masu janareta kuma sun san GenerLink.

Ga inda gizo ke saƙar: mita ta kamfanin wuta ce, da hatiminsa a jiki, abin da aka cusa a bayanta kuwa na mai gida ne. Kamfanoni da dama sun daɗe suna noƙewa, har jihar Kolorado ta yi doka a 2021 da ta buɗe masa hanya, Niyu Jasi ma ta yi tata a 2023. Sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne: samfurin ya cika ma'aunin tsaro na UL 414, kamfanin wuta ya amince da shi, mai lasisi ne zai ɗaura, kuma kada ya hana ma'aikacin kamfani kaiwa ga mitarsa. Saboda haka sunan da za mu ba shi dole ya nuna abu biyu, inda yake zama da kuma cewa ba ɓangaren mita ba ne.

"Kwalar mita" ce ta fara zuwa mini, na watsar, don duk wanda ya ji riga zai hango. Wani malamina ya ce in sa "wuyan mita". Allah ya ƙara wa Malam lafiya, Hausa ce tsantsa, amma wuyan riga na riga ne, wuyan tulu na tulu ne. Da mun ce wuyan mita, mun miƙa wa kamfani kayan mai gida, alhali a kan wannan ake ta ja-in-ja.

"Zoben mita" kuma yana da mai shi. Akwai zoben ƙarfe da ke riƙe mitar a jikin akwati, a kansa ake ɗaura hatimi, kada mu ƙwace masa suna. "Adafta" ta yi rashin nauyi, kowa zai zaci ɗan abin cajin waya ne, alhali duk wutar gida, har amp 200, ta cikinsa take bi.

Ni dai "gammon mita" na zaɓa. Ku dubi gammo: zagayayye ne, da rami a tsakiya, yana zama tsakanin kai da kaya. Abin da ya fi burge ni, gammo na mai ɗauka ne, ba na mai kaya ba. Ka ɗauki kayan wani, ka sauke masa, ka tafi da gammonka. Haka wannan yake: mitar kamfani na zaune a kai, shi kuwa mallakar mai gida.

Wata 'yar uwa ta yi gyara mai ƙarfi. Ta ce gammo tausasa nauyi kawai yake yi, shi kuwa wannan aiki yake yi, har wani irinsa kan yanke gida daga layin kamfani idan an ɗauke wuta, don kada wutar batiri ta koma kan waya ta kama ma'aikacin da ke gyara a kan falwaya. Gaskiyarki, Hajiya. Sai dai ita ma "collar" ɗin ba ta faɗi aikin ba, siffa kawai ta kama. Aikin sai mu rataya shi a baya: gammon sola, gammon janareta, gammon batiri.

Ga yadda na sa shi a fassarar, ku ji ko ya zauna a kunne: "Dokar ta ba mai gida damar ɗaura gammon mita, muddin kamfanin wuta ya amince da samfurin." Da safe zan miƙa aikin, wanda ke da wadda ta fi wannan ya kawo kafin nan.